Zomo Ba Bawan Giwa Ba Ne: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugabannin Ƙungiyar ECOWAS

Zuwa ga Majalisar Shugabannin Ƙasashe da Gwamnatocin ECOWAS, da Shugaban Hukumar ƙungiyar a Abuja.

Masu girma shugabanni,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ni ɗan Najeriya ne mazaunin Kano, kuma na san ba kasafai ɗan babbar ƙasa yake ɗaukar alƙalami domin ya yi magana a kan haƙƙin ƙananan maƙwabta ba. Abin da ya sa ni yin haka shi ne birnin da nake zaune a cikinsa bai taɓa rayuwa shi kaɗai ba. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja da jakuna suna kai kanwa da tufafi su komo da goro tun kafin a ja layukan da kuke mulki a cikinsu yau, kuma har gobe hatsin kasuwar Dawanau yana fita ta Jibiya da Maigatari, albasa da dabbobi suna shigowa, motocin da muke kira 'yan Kwatano suna cike da titunanmu. Duk abin da kuka zartar a ɗakin taro, mu muke fara jin sa a aljihu.

Tun ranar 29 ga Janairun 2025 da ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso ta tabbata, an yi ta magana a kan juyin mulki da Faransa da Rasha, amma ban ji an tsaya an dubi siffar ƙungiyar da ta rage ba. Ƙasashe 12 ne. Ɗaya daga cikinsu, wato Najeriya, ta fi sauran sha ɗayan yawan jama'a ko da an tara su wuri guda. Ghana da Kwaddibuwa da Senegal da Gini suna tsaka-tsaki, sauran bakwai kuwa, Benin da Togo da Saliyo da Laberiya da Gambiya da Gini-Bissau da Cape Verde, ƙanana ne, har mutanen ta ƙarshen ba su kai na wata ƙaramar hukuma guda ta cikin birnin Legas ba. Ƙungiya mai wannan siffa ba ta da abin da zai riƙe ta sai amincewar ƙaramin cewa dokar da ta hau kansa ta hau kan babban. In wannan amincewa ta gushe, abin da ya saura shi ne kashin dankali, kuma babu ƙasar da za ta daɗe tana zaune a ƙasan kashi da son ranta.

Waɗanda suka kafa ƙungiyar sun san da haka. Janar Yakubu Gowon bai ɗauki maganar shi kaɗai ya zaga yankin da ita ba, tare da Gnassingbe Eyadema na Togo suka fara tun 1972 har aka sa hannu a Legas ranar 28 ga Mayun 1975. Haɗa mafi girma da ɗaya daga cikin mafi ƙanƙanta a kan gaba dabara ce ta kwantar da hankalin ƙasashen da suke tsoron Najeriya za ta haɗiye su. Yarjejeniyar ta kuma tanadi wani asusu a Lome wanda a cikin sunansa ma akwai kalmar diyya, domin a biya ƙasar da ta yi asarar kuɗin fito saboda buɗe kasuwarta ga kayan maƙwabta. Zan komo kan wannan asusu.

Ya kamata a fara da fahimtar yadda ƙaramar ƙasa take cin abinci idan aka bar ta ita kaɗai a kasuwar duniya. Ba ta da yawan masu saye da zai sa a kafa babbar masana'anta dominta, ba ta da nauyin da za ta sa wa abin da take nomawa farashi, kuma baitulmalinta ya dogara ƙwarai da harajin bakin teku saboda ba ta da wasu manyan kamfanonin cikin gida da za ta tatsa. Saboda haka sai ta sayar da abin da ƙasa kaɗai ke iya sayarwa, wato ikonta. Laberiya tana ba da hayar tutarta ga jiragen ruwan duniya tun 1948, har rajistarta ta shiga sahun mafi girma a duniya, alhali ofishin da yake gudanar da ita yana Amurka. Gini-Bissau tana sayar da lasisin kamun kifi a ruwanta, kuma kusan dukkan abin da take fitarwa ɗanyen kashu ne da ake kai wa Indiya da Biyetnam su ɓare su ci ribar. Gambiya ta daɗe tana shigo da kaya a kan haraji mai sauƙi su zarce Senegal. Benin kuwa, wadda muka fi sani, ta gina wani babban sashe na kuɗin shigarta a kan bambancin da ke tsakanin harajinta da namu: duk abin da Najeriya ta hana ko ta tsawwala wa kuɗin fito, shinkafa ce ko kaji daskararru ko tsofaffin motoci ko atamfa, sai ya sauka a Kwatano ya nemi hanyarsa ta daji. Mutanen Benin ba su cika cin shinkafar da aka turara ba, amma ƙasarsu ta yi shekaru tana cikin manyan masu sayen ta daga Tailan da Indiya, kuma kowa ya san cikin da take ƙarewa.

Ba na wanke fasa-ƙwauri. Na ga yadda masaƙun Kano da Kaduna suka mutu, kuma atamfar da ta biyo ta iyaka tana da hannu a wannan mutuwa, tare da rashin wutar lantarki da sakacinmu. Abin da nake so ku duba shi ne cewa wannan sana'a ɗiya ce ta rashin haɗin kai na gaskiya. An amince da harajin bai-ɗaya na kayan waje a Dakar a 2013, ya fara aiki a Janairun 2015 da matakai biyar daga sifiri zuwa kashi 35 cikin ɗari, amma muddin babbar ƙasa tana ɗora nata ƙarin haraji da jerin haramtattun kaya a kan abin da aka amince, to ta buɗe wa maƙwabciyarta gonar da ba za ta iya ƙin nomawa ba.

Da Najeriya ta gaji, sai ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, ba ta buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum ba sai a Disamban 2020. Abin lura shi ne rufewar ta zo ne makonni kaɗan bayan Najeriya da Benin sun sa hannu a kan yarjejeniyar kasuwancin bai-ɗaya ta Afirka a Yamai a watan Yulin wannan shekarar. Ba shinkafar sumoga kaɗai rufewar ta tsayar ba. Ta tsayar da tumatir da abarbar manoman Benin waɗanda tsarin sassaucin ciniki na ƙungiyarku ya halatta tun 1979, ta tsayar da kayan masana'antun Ghana, ta tsayar da wake da dabbobin Nijar, ta kuma hana 'yan kasuwarmu kai nasu kayan waje. Watanni goma sha shida aka yi a haka, ƙungiya tana kafa kwamiti tana roƙo, babu wata hukuma da ta iya ce wa babbar yaya ta karya doka. Mu a nan an yi ta muhawara a kan ko matakin ya taimaki noman shinkafa a Kebbi da Jigawa, kuma muhawara ce mai ma'ana, sai dai a Kwatano da Lome da Yamai darasi ɗaya aka ɗauka: takardar da aka sa wa hannu ba ta kare ka ranar da Abuja ta yi fushi.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A watan Agustan 2003 an taɓa rufe iyakar Najeriya da Benin, wani ɗan kasuwa ɗan Najeriya da ya yi asara ya kai ƙara kotun ƙungiyar, kuma ita ce ƙara ta farko da kotun ta saurara. A 2004 ta kore ta bisa hujjar cewa ɗaiɗaikun mutane ba su da ikon shigar da ƙara gabanta. Da aka yi gyara a 2005, sai aka buɗe wa mutane ƙofa a kan take haƙƙin ɗan Adam, wanda abin yabo ne kuma ya haifar da hukunce-hukunce masu daraja, amma aka bar ƙofar ciniki kusan yadda take. Ƙungiyar da aka kafa domin tattalin arziki ta wayi gari da kotun da mai tirelar albasa ba shi da hanya madaidaiciya ta kai kukan an tsare masa kaya ba bisa ƙa'ida ba. Ƙasashe kuma ba sa kai junansu ƙara, domin wane shugaban Togo ko Benin ne zai gurfanar da Najeriya alhali iskar gas da wutar lantarkinsa daga can suke zuwa? Roƙona na farko ke nan, kuma shi ne mafi sauƙin aiwatarwa: ku ba ɗan kasuwa da ƙungiyar manoma da ta masu sufuri ikon kai ƙarar gwamnati a kan karya dokokin ciniki na ƙungiya. Hakan zai amfani ɗan Najeriyar da aka rufe wa shago a Kumasi da Akra a ƙarƙashin dokar zuba jari ta Ghana ta 2013 kamar yadda zai amfani manomin Benin, saboda haka ba Najeriya kaɗai dokar za ta ɗaure ba.

Takunkumin da aka ƙaƙaba wa Nijar ranar 30 ga Yulin 2023, kwana huɗu bayan juyin mulki, ya ƙara zurfafa wancan darasi. Nijar ba ƙarama ba ce a faɗin ƙasa, amma a ma'aunin tattalin arziki tana cikin ƙanana, kuma ba ta da teku. Ba na cikin masu goyon bayan mulkin soja, kuma na yarda ƙungiya tana da haƙƙin hukunta wanda ya karya ƙa'idar da ya sa wa hannu. Amma an yanke wutar da Najeriya take ba Nijar tun shekarun 1970, wadda a lokacin ita ce mafi yawan wutar da ƙasar take amfani da ita, an rufe gadar da ke tsakanin Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar, an toshe asusun ƙasar a babban bankin yankin sefa, magani da abinci suka maƙale a tashar Kwatano. Abubuwan da aka gina da sunan haɗin kai, wayar lantarki da hanya da banki, su aka mayar bulala. Da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024 sojojin suna nan daram, ƙasashen uku sun riga sun sanar da ficewa tun 28 ga Janairu, kuma Benin, wadda ta yi biyayya ga umarninku, ita ta kwana a ciki: kayan Nijar suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, iyaka ta ci gaba da zama a rufe daga ɓangaren Nijar, rigimar ta shafi har bututun man da aka shimfiɗa daga rijiyoyin man Agadem na Nijar zuwa gaɓar tekun Benin. Ban ji an biya Benin diyyar biyayyarta ba. Duk ƙaramar ƙasar da ta kalli wannan za ta yi lissafin cewa dogaro da maƙwabci a kan wuta ko hanya ko kuɗi hatsari ne, alhali dogaron juna shi ne ainihin abin da kuke kira haɗewar tattalin arziki. Ya wajaba a rubuta a fili cikin dokokin ƙungiya cewa abinci da magani da wutar lantarki da hanyar teku ga ƙasar da ba ta da gaɓa ba sa shiga takunkumi, kowane irin laifi masu mulki suka yi.

Wani zai ce to me ƙaramar ƙasa take nema a cikin ƙungiya, in haka abin yake? Amsar tana cikin labarin auduga. A 2003 ƙasashe huɗu matalauta, Benin da Burkina Faso da Mali da Chadi, suka haɗa baki suka kai kuka Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a kan tallafin biliyoyin daloli da Amurka take ba manoman audugarta kimanin 25,000, wanda yake karya farashin da miliyoyin manoman Afirka suke samu. Da ɗaya ce daga cikinsu ta je, da ko kujera ba za a matsa mata ba. Da suka je su huɗu, maganar auduga ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da suka mamaye taron ministocin ƙungiyar na wannan shekarar a birnin Kankun na Meziko, kuma ta zauna a ajandar ƙungiyar tun daga lokacin. Amma ku dubi yadda aka ƙare. Birazil, wadda take da lauyoyi da kuɗi da kasuwar da za ta iya ramawa da ita, ta kai Amurka ƙara ta yi nasara, aka riƙa biyanta kusan dala miliyan 147 a shekara daga 2010, aka rufe da dala miliyan 300 a 2014. Ƙasashen huɗu da suka fi kowa cutuwa sun sami alkawura da taruka. Haɗin bakinsu ya sa an saurare su, rashin babbar kasuwa a bayansu ya sa ba a biya su ba. Da a ce akwai ƙungiyar da za ta iya cewa kasuwar mutum miliyan ɗaruruwa tana bayan wannan kuka, da lissafin ya canza. Wannan nauyi shi ne abin da Najeriya take da shi wanda ƙananan ba su da shi, kuma shi ya kamata ya zama gudunmawarta mafi tsada, fiye da kuɗi.

Mun ga misalinsa a koko. Da Ghana da Kwaddibuwa, waɗanda suke noma fiye da rabin kokon duniya, suka tsaya tare a 2019 suka ɗora ƙarin dala 400 a kan kowane tan domin manomi, manyan kamfanonin cakulan sun yi ta noƙe-noƙe suna zaftare wani ƙarin ta wata hanya, amma dai sun zauna a teburi. Mun kuma ga kishiyarsa a yarjejeniyar ciniki da Tarayyar Turai. An kammala tattaunawar ta yanki a 2014, Najeriya ta ƙi sa hannu saboda kare masana'antunta, kuma tana da hujja. Ghana da Kwaddibuwa, da yake ba sa cikin jerin ƙasashe mafi talauci da Turai take karɓar kayansu ba haraji, suka ga koko da ayaba da kifin gwangwaninsu za su rasa kasuwa, suka aiwatar da tasu yarjejeniyar ta wucin gadi a 2016. Yanki ɗaya mai harajin bai-ɗaya ya koma yana hulɗa da Turai ta ƙofofi daban-daban, kuma duk kayan Turai da ya shigo ta tashar Tema ta Ghana ko ta Abijan da rangwame zai zama sabon dalilin zargi da tsare motoci a kan iyaka. Ba a zauna an tambayi abin da za a yi wa wanda zai yi asara in aka ƙi, ko wanda zai yi asara in aka yarda ba.

Wannan ya komo da ni kan asusun Lome. Buɗe kasuwa ba ya raba riba daidai, masana'anta tana bin inda wuta da tashar ruwa da masu saye suke, wato Legas da Abijan da Tema da Dakar. Ƙungiyar Gabashin Afirka ta farko ta rushe a 1977, kuma cikin dalilan akwai ƙorafin Tanzaniya da Yuganda cewa Kenya ce take kwashe amfanin. A kudancin nahiyar kuwa, ƙungiyar kwastan da ta haɗa Afirka ta Kudu da maƙwabtanta tana nan tun 1910, duk da mugun tarihin da ta ratsa, saboda ana tara kuɗin fito wuri guda a raba ta hanyar da take fifita ƙananan, har Lesotho da Eswatini suna samun babban kaso na kasafinsu daga nan. Turai ma ba da wa'azi ta riƙe Ayalan da Fotugal da Girka ba, hanyoyi da gadoji ta gina musu da kuɗin masu hali. Namu asusun an mayar da shi bankin zuba jari da raya ƙasa, wanda yake ba da bashi, kuma bashi ba diyya ba ne. Harajin kashi 0.5 cikin ɗari da ake karɓa a kan kayan da suka shigo daga wajen yanki yana tafiya ne galibi a gudanar da hukumomi da ayyukan tsaro. Na san 'yan ƙasata za su ce mu ne muke biyan kaso mafi tsoka, mu muka zubar da jini da dukiya a Laberiya da Saliyo, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da za a kashe a taimaka wa Benin ta mayar da tasharta da yankin masana'antunta na Glo-Djigbe wurin sarrafa auduga da kashu domin kasuwar Najeriya bai kai abin da muke asara a sumoga da sintirin iyaka ba. Maƙwabcin da yake sayar maka da abin da ya ƙera ba shi da bukatar ya rayu a kan ɓarakar dokarka.

A kan kuɗin bai-ɗaya ba zan tsawaita ba. An sa ranar fara shi a 2003, aka ɗaga zuwa 2005, da 2009, da 2015, da 2020, yanzu ana maganar 2027. Ƙasar da take amfani da sefa, wadda aka ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, ba za ta saki abin da ke hannunta ta kama kuɗin da naira za ta rinjaya ba sai ta ga babban bankin da Abuja ba za ta iya ba shi umarni ta waya ba. Matsalar amana ce, irin wadda na yi ta bayani a sama.

Ba zan yi adalci ba in ban faɗi inda ƙungiya ta yi wa ƙaramar ƙasa rana ba. A Janairun 2017, da Yahya Jammeh ya ƙi sauka bayan ya faɗi zaɓe, tsayuwarku ce ta sa ƙuri'ar mutanen Gambiya ta yi aiki ba tare da yaƙi ba, kuma bayan shekara biyu aka buɗe gadar Farafenni a kan Kogin Gambiya, wadda aka yi shekaru da dama ana jan ƙafa a kanta. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979, wadda ta ba ɗan yanki kwana 90 ba biza, ita ce abin da talaka ya fi sani da sunanku, kuma mutanen zango a Ghana da suka ga korar baƙi ta 1969, da 'yan Ghana da suka ga tamu ta 1983, sun san darajarta fiye da kowa. Abin da ya yi aiki a waɗannan wurare shi ne doka ɗaya da ta hau kan kowa. Hausawa suna cewa zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara, kuma Gambiya da Togo ba su shigo ƙungiya domin su zama 'yan rakiya ba.

Saura maganar ƙasashe ukun da suka fita. Sanarwar da Hukumarku ta bayar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu, a kuma bar kayansu su ci gaba da cin moriyar sassaucin ciniki har sai an kammala tattaunawa, mataki ne na hankali, amma abin da aka bayar na wucin gadi ana iya janye shi da sanarwa guda. Su kuma a nasu ɓangaren sun ɗora harajin kashi 0.5 cikin ɗari na ƙawancen ƙasashen Sahel (AES) da suka kafa a kan kayan da ke shigowa tun 2025, wanda yake nuna inda za a dosa in aka bar abin ya yi tsami. Muritaniya ta fita a 2000, ta komo ta ƙulla yarjejeniyar haɗin gwiwa da ku a 2017, saboda haka akwai tafarkin da aka taɓa bi. Ina roƙon ku mayar da zirga-zirgar mutane da ta kayan gona da dabbobi da hanyar zuwa teku yarjejeniya tabbatacciya a rubuce tsakaninku da su, wadda ba a rataye ta a kan ranar zaɓe ko a kan komowarsu ƙungiya ba. Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi tun 2021, kuma ya kamata a san dokar da kayan cikin taragunsa za su ƙetare iyaka da ita kafin jirgin farko ya tashi.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani ɗan yankin ECOWAS, daga Kano.